Ƙafar Hagu ta Baba Ishaku

A layinmu na Romi, a Kaduna, idan uwa ta aiki yaro sayen magi ya daɗe bai dawo ba, ba ta ɓata bakinta da faɗa. Tambayarsa kawai take yi ko motar Baba Ishaku ya hau. Kowa ya san abin da ake nufi, har waɗanda ba su taɓa ganin mutumin ba.

Baba Ishaku direban motar gawa ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan farar bas ɗin ƙungiyar 'yan garinsu, wadda aka cire wa kujerun baya aka shimfiɗa katako. Mu mutanen kudancin Kaduna muna iya zaman birni shekara hamsin, mu gina gida, mu aurar da 'ya'ya, amma ran da Ubangiji ya yi kira, da yawanmu gida muke so a mayar da mu, kusa da kakanni. To, Baba Ishaku ne mai mayarwa. Dogo ne siriri, ba ya dariya da ƙarfi, kullum rigarsa a goge. Akwai wani farin hankici a aljihun gabansa wanda ban taɓa ganin ya fito da shi ba, ko a jana'izar da ta sa maza kuka.

Abin da ya yi suna a kai shi ne tashi. Idan ya tayar da mota daga tsaye, ba ka sanin ta motsa sai ka ga bangon coci yana wucewa. Matan zumunta na cocinmu sun ce sun taɓa gwada shi, suka ɗora kofi cike da ruwa a kan katakon baya tun daga Romi, har Kujama ko ɗigo bai zuba ba. Ba duk abin da matan zumunta suka faɗa nake yarda da shi ba, don ina cikinsu, amma wannan na yarda. Yana kuma da wata ɗabi'a da ya gada wurin tsohon direban da ya koya masa aiki. Kafin ya ɗaga ƙafa daga kuloci sai ya dubi madubi, ya hango akwatin gawar, ya gaya wa mai shi a hankali cewa za su tashi, ya kwanta da kyau. Idan sun kai ƙofar gida kuma, sai ya kashe mota ya ce masa sun iso. Wani fasto ya taɓa tuna masa cewa matattu ba sa ji. Ya ce ya sani, amma shi ba a koya masa ɗaukar mutum ba sallama ba.

Ni sunana Damaris. Shekara ashirin da takwas na yi ina malamar wasanni a wata sakandaren 'yan mata. Na yi ritaya da ciwon baya, da usur, da agogon auna gudu wanda har yau makarantar ba ta san inda ya shiga ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Benjamin, ƙanen Baba Ishaku, kuma agogon nan ne ya jefa ni cikin sha'aninsu.

Ciki ɗaya suka fito, amma ba za ka ce ko unguwa sun haɗa ba. Benjamin gajere ne mai surutu, mai gyaran lantarki a masana'antun Kudenda. Tuwo da zafinsa yake ci, kuma yakan ce amin kafin fasto ya gama addu'a. Da ya cika hamsin, lokacin da sa'o'insa ke neman fili, shi sai ya shigo layi da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Matarsa Celina ta yi mako guda ba ta yi masa magana ba. Ta ce motar da ba ta ɗaukar buhun masara, abin wasan yara ce.

A Kudenda akwai wata masana'anta da ta mutu tun da daɗewa, inda Benjamin ya taɓa aiki. A cikin harabarta akwai titi miƙaƙƙe da tireloli ke bi a da, yanzu ba mai binsa sai balbelu. Mai gadin wurin, Malam Ibrahim, abokinsa ne, shi ya riƙa buɗe masa ƙofa. Benjamin ya auna mita ɗari huɗu da biyu da tef, ya ja layi da rawayan fenti a farko da ƙarshe. Ya ce tsawon da masu tseren miƙe ke gwada mota a kai ke nan. Duk Asabar da safe Malam Ibrahim zai ɗaga jan ƙyalle a kan gora a bakin layin farko, ni ina can ƙarshe da agogo. Ƙyalle na sauka in danna, mota na tsallake layina in sake dannawa. Abin da agogo ya nuna sai Benjamin ya rubuta da biro a bayan abin kare rana da ke gaban direba.

Doka ɗaya ya kafa, ba a taɓa inji. Bakanikensa Dalhatu ya sha roƙonsa ya bari a ƙara wa motar wani abu, ko da salansa ne a canza. Ya ƙi. Ya ce yadda kamfani ya haife ta haka za ta gudu, idan akwai gyara to a ƙafar direba yake. Lambobin suka riƙa sauka a hankali, daga sakan goma sha shida da ɗoriya, zuwa sha biyar da ɗigo bakwai, har sha biyar da ɗigo ɗaya. A ƙarƙashin wannan ya rubuta 14.9, ya sa alamar tambaya a gabanta. Nan bironsa ya tsaya.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Wata rana a asibiti, ina gefe ina ɓare lemon da ba mai sha, na ga ya kama hannun wansa.

"Yaya, ranar da za ka kai ni gida, abeg, kada ka ja ni kamar tsohuwa. Ka taka mota. Ko sau ɗaya in ga gudunka."

Baba Ishaku ya ce masa ya daina irin wannan magana. Benjamin ya ƙi sakin hannun, sai da wan nasa ya ce to, ya ji, ya yi alkawari.

Ina cikin motar da ke biye da su ranar da aka kai gawar Benjamin gida, a ƙarshen Oktoba. Tafiyar da Baba Ishaku ya saba yi a awa huɗu, awa shida ya yi ta. Bayan Kachia akwai wani wuri da titi ya miƙe, ba rami ba mota. Na ga farar bas ta ɗan zabura kamar za ta yi wani abu, sai jar wutar birki ta kama, ta koma tafiyarta. Da muka isa, mutane suka yi ta yaba masa, wai bai taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Ni dai na lura da abu biyu. Ya kashe mota ya fita bai ce wa ƙanensa sun iso ba, kuma ko abincin makoki bai taɓa ba.

Wata takwas bayan haka, damina ta zauna, sai ga shi a ƙofar gidana da hula a hannu. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ni ko agogon nan yana aiki har yanzu. Ya ce Benjamin ya bar motar ga 'yarsa Jessica, wadda ke aikin jinya a Jos. Za ta tafi da ita bayan addu'ar shekara, ranar da Celina za ta cire baƙaƙen kaya. Kafin nan makulli na hannunsa, don ya riƙa ɗumama inji. Shi kuma yana so ya kawo lambar nan mai alamar tambaya.

Na yi dariya har sai da na riƙe ƙofa, Allah ya gafarta mini. Mutumin da kekuna ke wuce shi a hanya ne yake neman abin da ya gagari Benjamin. Bai yi fushi ba. Ya jira na gama.

"Malama, alkawari kaya ne, ni kuma ban sauke nawa ba. Ya tafi bai ga guduna ba."

Na daina dariya. Na ce masa Asabar, ƙarfe shida.

Gwajin farko sakan goma sha tara ya kawo. Na girgiza agogon, na kai shi kunne. Malam Ibrahim ya ce da ya sauke ƙyalle ya ɗauka akwai wanda ake jira.

Amma safiyoyin nan sun shiga raina, ba zan ɓoye ba. Hazo yakan taso daga wajen kogi ya kwanta a harabar, har ka ga dogon bututun hayaƙin masana'antar yana tsaye a sama ba gindi. Ciyawa ta fi mutum tsawo a gefen titin biyu. Balbelu na jere a kan rufin da ya ruɓe, kamar ma'aikatan da suka zo da wuri aka manta a buɗe musu. Daga inda nake tsayawa, motar takan zama ɗan jan ɗigo, ƙyallen Malam Ibrahim kuma yana rawa a gaban farin bango. Wani lokaci nakan shagala in manta shekarar da muke ciki. Sai in riƙa jiran in ga gajeren hannun Benjamin ya fito ta taga yana yi mini tsiya, kafin in tuna wanda ke ciki.

Abin da Benjamin ya sani bai bar shi a takarda ba, sai da muka tattaro shi daga bakunanmu. Malam Ibrahim ya tuna cewa yakan share yashi daga bakin layi kafin komai, kuma ba ya tashi sai kwalta ta bushe. Ni na tuna yana cewa inji ya fi son iskar safe mai sanyi, shi ya sa ba ma kai ƙarfe takwas. Dalhatu ya zo sau biyu da ragowar. A ɗan rage iskar tayoyin baya don su kama ƙasa. A cire safaya da jak. Kada mai ya wuce rabin tanki. Kafin ƙyalle ya sauka, a taka totur a riƙe allurar ma'aunin juyin inji tsakanin uku da huɗu, sa'an nan a saki kuloci da sauri, amma ba da fizga ba. Idan wuta ta yi yawa, taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi. Idan ta yi kaɗan, inji zai shaƙe, mota ta yi kamar mai tuntuɓe. Dalhatu ya ce duk tseren yana cikin taku ashirin na farko, abin da aka rasa a nan ba a kamo shi a gaba.

Baba Ishaku ya saurari kowa kamar ɗan aji ɗaya. Kuma abin mamaki, hannunsa ya fi na ƙanensa. Shekara talatin yana sa giya yadda akwati ba zai motsa ba, sai ga shi yana zura ta biyu da ta uku kamar ana zuba mai, dab da allura za ta taɓa ja. Dalhatu ya ce bai taɓa jin canjin giya mai tsabta haka ba. Lamba ta sauko sha bakwai, ta sauko sha shida da ɗigo biyu. A tsakiyar Satumba ta kai sha biyar da ɗigo shida, ta yi tsaye. Asabar huɗu a jere muna kawo lamba ɗaya.

Ni da na yi rayuwata a bakin fili na san irin wannan ɗan tsere. Idan ya miƙe ba mai kama shi, amma a wurin tashi yake barin nasararsa. Na gaya masa haka, na hura masa usur, na yi masa faɗan da nake yi wa 'yan aji uku. Sai ya ce to, Malama, za a gyara. Da rana nakan hango shi ta kan katanga, a benci ƙarƙashin mangwaron Celina, ya sa tsohon silifas a ƙasa yana takawa yana saki da ƙafar hagu, har gyangyaɗi ya ɗauke shi.

A bencin nan ya yi wani mafarki da ya ba ni labari. Ya ce ya ga hanyar gida an yi mata sabuwar kwalta, ba rami ko ɗaya, ga dawa ta yi kai a dama da hagu. Duk mutanen da ya taɓa kaiwa gida suna tsaye a bakin hanya cikin kayan coci, tsofaffi da jarirai da wani soja da ya manta sunansa. Suna ɗaga masa hannu, ba na tsayar da mota ba, irin na ka wuce, hanya taka ce. Ya yi ta duba fuskoki yana neman Benjamin, bai gan shi a cikinsu ba. Ya tambaye ni fassara. Na ce ni malamar wasanni ce, ya rage cin wake da rana.

Saura Asabar biyu Jessica ta iso daga Jos don shirin addu'a, ta biyo mu Kudenda. Ita ce ta ce bari ta tsuguna a gefen tagar direba ta ɗauki tashin da waya. Bayan an kawo sha biyar da ɗigo shida kamar kullum, muka taru a kan bonet muna kallo, ta rage gudun hoton.

Ga ƙyalle ya sauka. Ga idon Baba Ishaku ya bar titi ya hau madubi. Ga leɓensa yana motsi. Sai bayan nan ƙafar hagu ta fara ɗagowa, a hankali, kamar mai tsoron tayar da jariri.

A bayan kujerun motar nan babu komai sai ɗan katako da gilashi.

"Daddy, wa kake yi wa magana?" in ji Jessica, don haka take kiran wan mahaifinta.

Ya karɓi wayar ya sake kallo har sau biyu. Ya ce shi bai san yana yi ba.

Ni kuwa, da yake na fi kowa sani, nan take na rubuta magani. Na ɗaure madubin da ɗankwalina, na ba shi asuwaki ya ciza don leɓe ya daina motsi, na ce ya dubi ƙyalle kawai. Gwaji na farko mota ta mutu a kan layi. Na biyu ma haka. A na uku ya fizge ƙafa da ƙarfi, tayoyi suka yi ihu, hayaƙi ya tashi, bayan motar ya karkace har balbelu suka watse. Sha bakwai. Na tako tun daga ƙarshen titi da ciwon bayana da zafin raina, na ce masa sabo turken wawa ne, ya daina gaisawa da iska, babu kowa a bayan motar nan.

Ya cire asuwakin daga baki, ya dube ni.

"Na sani, Malama. Ni na sauke ƙanena a gida."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ba irin ta ranar ba. Na kwance ɗankwalina daga madubin na koma gida a keke mai ƙafa uku, ban jira su ba.

Ranar Juma'a da yamma muna tsakar gidan Celina muna tsintar shinkafar addu'a, wadda za a yi ranar Lahadi. Baba Ishaku na kan bencinsa da kofin kunu, ba ya taka silifas, ba ya komai. Gobe ce Asabar ta ƙarshe, kuma na ga alamar ya haƙura. Don in rage nauyin da ke raina, na ba Celina labarin madubi da abin da na faɗa masa. Celina ba ta taɓa zuwa Kudenda ba, ba ta kuma taɓa ɓoye ƙiyayyarta ga motar ba. Na ɗauka za ta ce Allah ya raba mu da wahala. Ba ta ko ɗaga kai daga tire ba. Ta kira shi da sunan 'yarsa ta fari, kamar yadda ta saba.

"Baban Peace, kai ma da neman magana. Yaushe Benja ya taɓa zama a baya? Ko a motar haya sai ya yi rigima a kan kujerar gaba. Sau ɗaya aka kwantar da shi a baya, shi ma don ba shi da bakin magana ne."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Baba Ishaku ya ajiye kofin, bai sha ba, ya sa hularsa ya fita.

Washegari na isa Kudenda na tarar Celina ta riga ni, cikin baƙaƙen kayanta, tana kallon ciyawa kamar mai shirin sa a nome ta. An yi yayyafi da asuba, muka jira kwalta ta bushe. Malam Ibrahim ya share bakin layi. Da ya ɗauko gorarsa, sai Celina ta miƙa hannu ta karɓa, ta kwance jan ƙyallen ta ba shi, ta cire baƙin ɗankwalinta ta ɗaura a wurin. Ta ce gobe ma cire shi za ta yi, gara ya yi wani aiki kafin nan. Na kama hanyar ƙarshen titi ban ba kowa shawara ba, don na koyi darasi.

Abin da ya faru a bakin layi Jessica ce ta gaya mini daga baya. Ta ce Baba Ishaku bai fara buɗe ƙofarsa ba. Ta gefen fasinja ya zagaya, ya buɗe, ya jawo kujerar gaba kaɗan daidai zaman gajeren mutum, ya ja bel ya ɗaure a kan kujerar da ba kowa. Ya rufe ƙofar a hankali, ya zagayo ya shiga. Bai taɓa madubi ba. Ya taka kuloci, ya sa giya, ya ɗaga allura ya riƙe ta. Sa'an nan ya juya damansa.

"Benja, riƙe da kyau. Za mu tashi."

Celina ta tsaya da gora a sama, ba ta sauke ba sai da ya gama, ya mayar da ido kan titi. Shekara ashirin da takwas ina tayar da tsere, ban taɓa hura usur ɗan gudu bai gama shiri ba, amma a kan mutumin nan dabarar ba ta zo mini ba. Sai matar da ba ta san kuloci daga birki ba ce ta jira shi.

Daga inda nake, na ga baƙin ɗankwali ya faɗi a gaban farin bango, na danna. Jan ɗigon bai yi jinkirin da na saba gani ba. Ya ɗan durƙusa ta baya, ya taho. Ƙarar ta iso ni daga baya, siririya, ta katse ta sake kamawa, ta katse ta sake kamawa. Hazon da ya rage a kan titin ya riƙa buɗewa a gaban motar yana rufewa a bayanta, ciyawa na sunkuyawa, balbelu suka tashi gaba ɗaya suka bi ta sama kamar su ma an kira su. Na ji kamar abin ya ɗauki rabin safiya. Ta wuce ni da iskar da ta ɗaga mini zane, na danna.

Sha huɗu da ɗigo tara. Na san babban yatsana ya tsufa, kuma na san akwai masu cewa agogon hannu na iya ƙarya da ɗigo ɗaya ko biyu. Su je su ce. Ni na riƙe agogon, ba su ba.

Motar ta gangara har ƙarshen haraba, inda titi ya ƙare a cikin ciyawa, ta tsaya. Ya kashe inji. Na taka zuwa wurin a hankali, ina jin muryar Jessica can baya tana tahowa da gudu. Na same shi a zaune, hannu ɗaya a kan sitiyari. Farin hankicin nan yana ɗaya hannun, ya jiƙe. Na miƙa masa agogon ta taga. Ya duba, ya gyaɗa kai.

"Benja ya ce na makara a giya ta biyu," in ji shi.

Sai ya yi dariya, da ƙarfi, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har ta koma tari. Ya sauke abin kare rana, ya laluba aljihu ya ciro biro. Bai rubuta sabuwar lamba ba. Alamar tambayar kawai ya soke, ya mayar da biron.

Ya miƙa hannu ya kwance bel ɗin kujerar gefe, ya tura ƙofar ta buɗe. Ya ɗan jira, yadda ake jiran mutum ya tattara ƙafafunsa ya sauka.

"Mun iso," in ji shi.